Badukun da Ya Tsare Ƙofar Mai Tari

An yi wani mutum a wani gari, bawan Allah, baduku, sunansa Tanimu. Maƙwabcinsa Alhaji Barmo dillalin shanu ne, mai baƙar magana. Shi ya taɓa sa aka tashi Tanimu daga rumfarsa.

Ku saurara. Sai tarin fuka ya kama Alhaji. Tanimu na cikin waɗanda suka kai shi asibiti. Likita ya ce, "Wata shida za ka sha maganin nan, kullum. In ka yanke a hanya, cutar za ta saba da shi, ta dawo ba ta jin magani, ta bi iyalinka. Wa zai riƙa ganin haɗiyarka da idonsa?"

'Yan'uwa kowa ya sunkuyar da kai, don sun san hali. Tanimu ya ce, "Ni."

Kullum da safe yana ƙofar gidan, da ƙwaya da kofin ruwa. Wata biyu tari ya tsaya, Alhaji har ya yi kumatu.

"Na warke," in ji Alhaji. "Kai likita ne ko mai ɗinkin takalmi?"

"Mai ɗinkin takalmi ne, Alhaji. Ɗaga harshen in gani."

Ga ƙwaya nan a ƙarƙashi. Aka zagi Tanimu, ya dawo. Aka rufe masa ƙofa, ya zauna a dakali har aka buɗe.

Rannan Alhaji ya sulale, ya tafi cin kasuwar shanu a wani gari mai nisa. Tanimu ya hau saman motar kaya, inda ta tsaya ya ƙarasa a ƙasa. Ana tsakiyar ciniki, jama'a, sai ga hannu da kofi. Alhaji ya waiga, ya ga Tanimu, ƙafafu a kumbure.

"Wane alheri na taɓa yi maka?"

"Babu. Amma jikokinka a jikinka suke wuni."

Alhaji ya karɓi ƙwayar. A gaban dillalai ya haɗiye, ya buɗe baki da kansa, hawaye na zuba. Wata shida ya cika, aka auna majinarsa, babu cuta. Ko mutum ɗaya bai kamu ba a gidan.

To 'yan'uwa, magani amana ne. Jin sauƙi ba warkewa ba ne. Wanda ya yanke magani a hanya ba kansa kaɗai ya cuta ba, ya horar da cuta ya sakar wa jama'a. Kai da ke da ragowar kafso a aljihu, Tanimu don maƙiyinsa ya yi. Kai don 'ya'yanka ma ka kasa?