Kujerar Baya a Motar Stamen

"Duk faɗin Balgeriya, in ka cire ni, sauran masu riƙe sitiyari ne kawai, ba direbobi ba."

Haka Stamen yake gaya mana kusan kullum a shagon gahawar Zlatka, yana raba karta yana shafa gashin baki. Shi ne direban motar makarantar gundumarmu. Tun da aka rufe makarantar ƙauyenmu saboda yara sun yi kaɗan, iyayensu sun watse ƙasashen waje neman aiki, sai hukuma ta ba shi wata ƙaramar bas ruwan ɗorawa. Da safe ya kwashi yaran da suka rage ya kai su makarantar cikin gari, in an tashi ya dawo da su. Tsakani da Allah ya iya tuƙi. Ba ya gudu, ba ya taɓa barasa sai ya rataye makulli, ko kaza bai taɓa takawa ba. Ciwonsa guda ne: ya ɗauka shi ba ya kuskure. Saboda haka duk dokar da aka kafa don masu kuskure, a ganinsa ba da shi ake ba.

Cikin dokokin akwai wata mai sauƙi. In yara sun sauka, direba zai tashi da ƙafarsa ya taka har kujerar ƙarshe, ya duba sama da ƙasa, sannan ya kulle mota. Stamen bai taɓa yi ba.

"Ni da furfurata in riƙa rarrafe ƙarƙashin kujeru kamar mai neman kobo?" in ji shi. "Yarana da murya na san su. Ko numfashi yaro ya yi a motar nan na san ɗan wane ne."

Abin da yake yi, in sun gama sauka, sai ya ɗan karkata wuya ya daka tsawa: "Akwai saura?" In ya ji shiru, shi ke nan, ya ja ƙofa.

To ni Parvan, duk ƙauye an san ba na iya zama ban tsokani wani ba. Rannan na cire mutum-mutumin da ke korar mini tsuntsaye a lambu, na sa masa tsohuwar hular surukina, na haɗa baki da yara muka kwantar da shi a kujerar baya. Mutum-mutumin nan, bawan Allah, ya yi ta zuwa makaranta yana dawowa har mako ya zagayo. Yara suna ta ƙyalƙyata dariya a hanya, Stamen yana jin daɗi, ya zaci labaransa ne ke ba su dariya. Da na ga abin ba shi da ranar ƙarewa, sai na sa yaran suka fito da shi, na zaunar da shi a kan kujera a shagon Zlatka, na ce a kawo masa gahawa.

Stamen ya shigo, ya dube shi sama da ƙasa. "Wannan baƙon fa, daga ina?"

"Haba mutumina, ɗalibinka ne ba ka gane shi ba? Ya ce in yi maka godiya. Mako guda kana kai shi, ko sau ɗaya bai makara ba."

Shago ya kece da dariya. Wani tsoho har sai da haƙoran robarsa suka faɗa cikin kofi. Stamen ya yi jajir, amma ya dake.

Zlatka ce kaɗai ba ta yi dariya sosai ba. Ta ajiye faranti ta ce, "Yaya Stamen, raha dai muke yi. Amma da yaro ne fa?"

"Da yaro ne da ya amsa," in ji shi. "Yaro baki gare shi. Wannan kuwa ciyawa ce cikin wandon Parvan. Raba mana karta, kai."

Maganar ta tsaya nan. Bai canza komai ba.

Ana nan sai lokacin tsinkar wardi ya zo. Wanda ya san ƙauyenmu ya san a wannan lokacin ba a barci sosai. Furen ba ya son rana, dole a tsinke shi da raɓa a jikinsa, don haka tun kafin gari ya waye kowa yana gona, babba da yaro. Cikin masu zuwa har da Inna Neda da jikanta Boyan. Boyan ɗan aji ɗaya ne, siriri, mai shiru-shiru. Uwarsa tana can ƙasar Sifen tana jinyar tsofaffin wasu, ta bar shi hannun kakarsa. Shi kaɗai ya rage wa tsohuwar a gidan. In ka gan ta ka gan shi, yana riƙe mata bakin buhu tana zuba fure.

Ran da abin zai faru, daga gona ya wuce bakin hanya, hannunsa duk danƙon wardi, idonsa na lumshewa. Ya hau mota ya ce, "Ina kwana, Kawu Stamen," ya wuce can baya, ya yi matashi da jakarsa. Da aka isa makaranta yara suka yi rububin sauka kamar yadda suka saba, ba wanda ya waiwaya. Stamen ya karkata wuya.

"Akwai saura?"

Shiru.

Ya juyo ƙauye abinsa. A dandalinmu akwai babbar bishiya mai inuwa, amma Stamen ba ya ajiye mota a ƙarƙashinta, wai 'ya'yanta baƙaƙe suna zubowa su ɓata masa fenti. Can ƙetaren dandali yake kai ta, jikin katangar tsohon sito, inda rana ke duka tun safe. Ya rufe tagogi saboda ƙura, ya ja labulen gaba don kada rana ta ci masa kujera, ya kulle, ya zo muka hau karta. Rediyon Zlatka na ta kiɗa, taraktoci na ta wucewa da buhunan fure. Ranar an yi zafi tun da hantsi, har kare ya rasa inda zai kwanta.

A makaranta kuwa malamar ajin ta ga kujerar Boyan ba kowa, ba ta damu ba. A lokacin wardi rabin aji ma a gona suke wuni. Sai wajen tsakar rana ta buga wa Inna Neda waya, ta ce don Allah gobe a turo yaron, akwai waƙar da zai karanta ranar hutun ƙarshen shekara.

Muna tsakiyar wasa sai ga tsohuwar da gudu, ɗankwali a hannu, ƙafa ɗaya ba takalmi.

"Stamen, ɗan nan, ina ka kai mini Boyan? Malama ta ce bai zo ba!"

Daga inda muke zaune ana hango motar. Da ya tashi ya tsallaka dandalin ya buɗe, da wannan labarin ma ban ba ku shi ba. Amma shagon cike yake da mutanen da suka yi masa dariya kwanan baya, kuma dukanmu muna kallon bakinsa. Ya ajiye karta a hankali.

"Inna Neda, kwantar da hankalinki. A ƙofar makaranta na sauke shi. Da idona na gan shi."

"Ka tabbata?"

"Jakarsa shuɗiya a baya, har ya juyo ya ɗaga mini hannu." Ya yi alamar gicciye a ƙirji. "Na rantse da kabarin mahaifiyata."

Zlatka ta fito daga bayan kanta tana goge hannu. "Yaya Stamen, yau ka duba bayan motar?"

"Na duba. Kujera-kujera. Ko ke ma za ki koya mini aikina ne?" Ya juya wajen tsohuwar. "Ni dai gaskiya zan faɗa miki, Inna. Kin tashi yaro tun duhu kin sa shi aiki, ga wannan zafi. Me zai yi a aji? Kogin bayan makaranta ya tafi wanka, kamar yadda muka yi muna yara. In kina neman mai laifi, ki fara daga gida."

Tsohuwar ta dafe kai ta ce, "Wayyo, ni na jawo. Me zan gaya wa uwarsa?"

Kogin nan a wannan lokaci cike yake da ruwan dutse, ya sha cin mutane. Jin haka kowa ya miƙe. Mutum ya rantse da kabarin uwarsa, har ya faɗi launin jaka, wa zai yi masa musu? Wani ya ce a shiga motar makarantar a tafi gaba ɗaya, ta fi ɗaukar mutane.

"A'a," in ji Stamen. "Motar hukuma ce. Doka ta hana a yi wani aiki da ita."

Ranar ce na fara jin kalmar doka a bakinsa.

Muka cusa kanmu a motar Zlatka da bayan tarakta, muka bar shi zaune wai yana jiran waya. Muka bi bakin kogi sama da ƙasa muna ƙwala kira. Samari suka tuɓe suka faɗa ruwa, suna lalube ƙarƙashin gada. Inna Neda tana tafe cikin ƙaya da ƙafa ɗaya ba takalmi, muryarta ta dishe, tana cewa, "Boyan, fito, ba zan dake ka ba. Wallahi ba zan dake ka ba." Muka shiga makaranta, mai gadi ya ce shi dai bai ga yaron ba. Yara suka ce sun ga ya hau, amma ba wanda ya tuna ya ga saukarsa.

Da muka dawo rana ta gota tsaka. Labari ya kai gonaki, dandali ya cika maƙil, har limamin coci ya fito. Stamen yana tsaye a tsakiya yana maimaita wa sababbin zuwa yadda yaron ya ɗaga masa hannu. Yanzu har ya ƙara cewa yaron yana cin burodi.

Inna Neda ta ratsa mutane ta kama hannun rigarsa.

"Ɗan nan, lokacin ɗauko yara ya yi. Ka tafi da ni. Ka nuna mini daidai inda ya sa ƙafarsa ya sauka. Daga nan zan bi sawunsa."

Ba yadda zai yi. Ya zaro makulli, ya nufi motar, jama'a suka bi shi. Yana jan ƙofa wani hucin zafi ya bugo mu kamar an buɗe tanderu, da ƙanshin wardi a cikinsa. Sai a lokacin muka lura da gilashin baya. Daga ciki duk shatin ƙananan tafin hannu ne, na danƙo, ɗaya kan ɗaya, tun daga sama har inda suka zame ƙasa.

Yaron yana kwance tsakanin kujeru, ya tuɓe riga, leɓɓansa sun tsage, jikinsa ya bushe ƙamas ko gumi babu. Jakar shuɗiya na nan kan kujerar baya inda ya yi matashi da ita. Wani saurayi ya sungume shi, mata suka yi ta kwara masa ruwa, Zlatka ta tashi mota, aka sa shi a cinyar kakarsa, suka yi asibiti.

Boyan bai mutu ba, amma ban sani ba ko in ce ya dawo. Zafin ya taɓa masa ƙwaƙwalwa. Ba ya magana, ba ya gane kakarsa. Likita ya ce da an buɗe motar lokacin da tsohuwar ta fara zuwa shagon, da ƙarin ruwa kawai za a yi masa ya koma gida. Uwarsa ta zo ta tafi da shi, ko kallon Inna Neda ba ta yi ba. Tsohuwar tana nan ita kaɗai, ta daina zuwa gona, ta daina buɗe taga.

Amma duk wannan daga baya muka ji. A lokacin muna tsaye ne a dandali, ƙurar motar Zlatka na lafawa, kowa ya juyo yana kallon Stamen. Makullin na hannunsa har yanzu. Ya dubi wannan, ya dubi wancan, ba wanda ya sunkuyar da kai don ya ba shi hanya.

"Na tambaya fa," in ji shi, murya can ƙasa. "Jama'a, kullum ina tambaya. Na ce akwai saura. Ba wanda ya amsa."

Limamin coci, tsoho ne da ba ya ɗaga murya, ya matso kusa da shi.

"Stamen, ɗazu a gabana ka ce ya ɗaga maka hannu." Ya nuna gilashin baya. "Ga hannun can. Tun safe yake ɗaga maka."

Stamen ya juya ya dubi gilashin. Makullin ya suɓuce ya faɗi ƙasa, kuma duk cikar dandalin nan ba wanda ya sunkuya ya ɗauko masa.

Darasin da ke cikin wannan labari, musamman ga duk wanda aka danƙa wa 'ya'yan mutane, shi ne kada ƙwarewarka ta sa ka raina ƙaramar doka. Ba don wawaye aka kafa ta ba, an kafa ta ne don ranar da gwani zai yi kuskure, kuma ranar tana zuwa wa kowa. Ka tashi da ƙafarka ka duba da idonka, domin yaron da ya yi barci ba zai amsa kiranka ba. In kuma aka tambaye ka abin da ba ka tabbatar ba, ka ce ban sani ba, mu je mu duba. Kunyar da za ka ji ta ɗan lokaci ce. Sakacin Stamen ya jefa yaron cikin hatsari, amma ƙaryar da ya yi don kare girmansa ita ta hana a cece shi da wuri.