Kujerar Khethiwe a Jirgin Karta

Akwai wata ma'aikaciyar jinya a nan Durban, sunanta Khethiwe. Shekara goma sha tara tana aiki a ɗakin tiyata, shekara goma sha bakwai tana aure a gidan Shezi. A asibiti Sista ake ce mata, har ƙananan likitoci sai sun kalli fuskarta kafin su taɓa wani abu. A gidan mijinta kuwa har yau makoti ce, wato amaryar gida. Ita ke kai shayi, ba ta kallon manyan maza a ido, ba ta kama sunan surukinta.

Wannan bai taɓa yi mata nauyi ba. Haka ta ga uwarta tana yi, kuma tana son tsohon da gaske.

Da surukin nata, Baba Shezi, ya cika shekara saba'in da biyar, 'ya'yansa suka shirya kai shi hutu a jirgin ruwa, kwana huɗu daga Durban zuwa wani tsibiri na Mozambik a dawo. Babban ɗansa Mandlakhe, mai manyan motocin ɗaukar rake, shi ya zaɓi jirgin. Sai da aka shiga aka ga dalili. Ko'ina hoton karta ne, har a jikin matasan kai. Tafiyar 'yan wasan poka ce, wato wata irin karta ta caca, kuma duk babban mutumin da ya yanki tikiti yana da kujera ɗaya a gasar, da tarin kwabban roba daidai da na kowa. Wanda kwabbansa suka ƙare ya fita. Wanda ya tattare na kowa shi ke ɗaukar kofi.

Tun kafin jirgi ya tashi Mandlakhe ya rubuta a zauren WhatsApp na dangi cewa a share masa wuri a kan talabijin, kofi na zuwa.

Ranar farko da rana, yara suna can suna tsalle a tafkin wanka, tsoho ya tafi kishingiɗa, Mandlakhe ya tara sauran manya uku a wurin cin abinci: matarsa Nonhle, ƙaninsa Bhekani, da matar Bhekani, wato Khethiwe.

Ya ce, "Ku saurara. Mu huɗu ne, amma ɗan wasa ɗaya ne a cikinmu. Gobe duk wanda aka haɗa shi tebur da ni, zai tura kwabbansa duka da karta marar kyau, ni in kwashe. Shi ke nan aikinku."

Nonhle ta ce to. Bhekani ya sosa ƙeya, ya ce to.

Khethiwe tana yanka wa kanta abarba. Ba ta ɗago kai ba ta ce, "Yaya, a yi haƙuri, ni ban da ni."

"Me kika ce?"

"Na ce ban da ni. Mutum casa'in ne za su zauna, kowa da tarinsa ɗaya. Kai kana son huɗu. Cuta ce."

Mandlakhe ya yi dariya har ya ajiye cokali. "Kun ji limamiya! Roba ce fa, makoti, ba gadon ubanki ba. Ke kin ma san bambancin sarki da sarauniya a karta?"

"Ban sani ba. Sun ce akwai darasi gobe ƙarfe takwas, zan je."

"Bhekani, da kai nake magana ko da matarka?"

Bhekani ya matso ya yi ƙasa da murya. "Maman Sanele, don Allah. Wasa ne kawai."

Ta ce, "Tun da wasa ne, a bari in yi wasana."

Nan fuskar Mandlakhe ta canza. Shi ne magajin gida, shi ya zagaye gidan gadonsu na Eshowe da sabuwar waya, makullin ƙofar kuma yana aljihunsa. Ya san abin da zai taɓa. Ya ce, "To ki ji. In kika kunyata ni gobe, ƙafarki ba za ta sake taka gidan Shezi ba. Disamba in ta zo, sai ki tsaya a bakin titi ki yi ta leƙe."

Kowa ya san abin da ke Eshowe. Ɗan farin Khethiwe, Sanele, ya rasu yana da shekara huɗu, kuma a can aka binne shi, bayan garken shanu. Duk Disamba tana zuwa ta cire ciyawar kabarin da hannunta, ba ta yarda kowa ya taya ta.

Ta ajiye wuƙar a hankali. Ta ce, "Na ji, Yaya." Ta tashi ta je ta haɗa wa tsoho shayinsa.

A ɗakinsu Bhekani ya yi ta lallashi. Ya ce ai ta san halin wansa, in ya faɗi magana ba ya janyewa. Ya ce minti biyar ne abin zai ɗauka.

Ta ce, "Baban Sanele, shekara sha bakwai ina durƙusawa a gidanku, ba don tsoro ba, don girmamawa. In yau aka ce sai na cuci mutane kafin in ga kabarin ɗana, gobe me za a ce in yi?"



Washegari ƙarfe takwas tana aji, da ɗan littafinta da biro. Ta rubuta wace karta ke cin wace, ta yi tambaya sau bakwai. Da aka fara gasa ƙarfe goma, ba ta yi wata bajinta ba. Karta in ba ta da kyau sai ta ajiye. In tana da kyau sai ta shiga. Masu gilashin duhu da huluna suka yi ta ƙura mata ido don su gane abin da ta riƙe, amma macen da ta saba sunkuyar da kai a gaban manya, ta kuma saba ganin jini ba ta motsa gira ba, babu abin da za a karanta a fuskarta.

Kafin abincin rana Nonhle ta cika umarni. An haɗa ta da mijinta, ta tura komai, ta tashi.

Da la'asar saura mutum goma sha shida a tebur biyu. Aka sake raba kujeru, sai ga Khethiwe, Bhekani da Mandlakhe a tebur ɗaya. Mai raba musu karta wata mata ce mai suna Sizakele, ita ce ta raba lokacin da Nonhle ta fita.

Mandlakhe ya yi gyaran murya, ya kalli Khethiwe, ya tura kwabbai masu yawa. Ta duba kartarta, ba ta da kyau, ta ajiye. Ya sake. Ta sake ajiyewa. A karo na uku ta shiga, shi kuwa ya ɗauka ta sauko ne, har yana murmushi. Da aka buɗe, sarauniya uku ta riƙe. Rabin tarinsa ya koma gabanta.

Wata tsohuwa Ba'indiya daga unguwar Chatsworth a Durban, Anti Saras, da ke gefenta ta tafa hannu. "Kai, 'yata, ashe haka kike? Kin zauna shiru kamar a coci!"

Mandlakhe ya ce tsakanin haƙora, "Makoti, kin manta hanyar gida ko?"

Ta ce, "Ban manta ba, Yaya. Wasa nake."

Bhekani ya ga abin ya ɓaci. A ransa ya ce bari ya ba da nasa, wataƙila wan ya huce ya bar maganar Eshowe. Da Mandlakhe ya sake turawa, sai Bhekani ya tattara duk abin da ke gabansa. Amma jiki ya riga ya saba. Tun yana yaro bai taɓa miƙa wa wansa ko da kofin ruwa da hannu ɗaya ba. Ya tura tarin da hannun dama, hannun hagu yana tallafe da gwiwar hannun, kansa a sunkuye.

Sizakele ta tsaya cak. Ita ma 'yar ƙabilarsu ce, ta san wannan hannun. Haka Nonhle ta yi da safe, har da ɗan rusunawa. Da aka buɗe kartar Bhekani, bakwai ce da biyu, wadda ko ɗan koyo ba ya shiga da ita.

Ta ɗaga hannu ta kira shugaban gasa. Ta ce, "Ranka ya daɗe, na daɗe ina raba karta. Mai yin caca jefa kwabbansa yake yi. Wannan miƙawa ya yi, yadda ƙani ke miƙa wa wa. Sau biyu ke nan yau, kuma duk ga mutum ɗaya."

Mandlakhe ya buga tebur. "Ladabin gidanmu ne ya zama laifi? Wace ce ke ma?"

Shugaban gasa ya duba takardarsa, ya ga sunan Shezi har huɗu. Ya juya ga Khethiwe. "Baiwar Allah, ke ma sunanku ɗaya. Akwai wata yarjejeniya a tsakaninku?"

Kalma ɗaya za ta ce, a'a, magana ta mutu, ƙofar Eshowe ta buɗe. Ta san haka. Sai ta ɗago kai, karo na farko tun da aka kawo ta gidan, ta kalli wan mijinta ido cikin ido. Shi ne ya fara kawar da kai.

Ta ce, "Ku tambayi mijina. Malamin makaranta ne, ba ya ƙarya."

Bhekani ya sunkuyar da kai. Sannan ya ce, "Akwai. An ce mu uku mu ba shi. Mu biyu mun ba da. Ita ta ƙi."

Aka kwashe tarin Mandlakhe gaba ɗaya, aka fitar da shi da ƙaninsa a gaban jama'a. Khethiwe ta ci gaba da wasa. Ba ta ci kofi ba. Ta shida ta zo, kuma Anti Saras ce ta fitar da ita, ta rungume ta tana cewa sai ta zo Chatsworth cin shinkafar biriyani.

Washegari da hantsi jirgi ya tsaya a gefen tsibiri. Mutane suna layin shiga ƙananan kwale-kwale, amma Baba Shezi ya ce a kira masa 'ya'yansa da matansu a saman bene. Labari ya riga ya kai masa ta bakin jikoki.

Mandlakhe ya fara. Ya ce makoti ta tozarta sunan gida a gaban baƙi, ta raba wa da ƙani, ta kalle shi a ido. Ya ce ya riga ya yanke hukunci, har ya rubuta wa dangi a zaure: ba ita ba Eshowe.

Bisa al'ada Bhekani ne zai yi magana a madadin matarsa. Ya buɗe baki ke nan ta riga shi. Ta durƙusa kamar kullum, amma muryarta ba ta durƙusa ba.

"Baba, a gafarce ni, zan yi magana da bakina. Duk abin da aka sa ni a gidan nan na yi, kuma zan ci gaba. Cuta ce kawai ba zan yi ba, ko ta roba ce. Disamba kuma zan je wurin ɗana. In ƙofa a kulle take, zan tsallaka waya."

Nonhle ta rufe baki da hannu.

Tsohon ya juyo ya kalli babban ɗansa. Sannan ya ce, "Mandlakhe."

"Baba."

"Yaushe aka yi jana'izata? Ban ji an gayyace ni ba."

"Baba, ba haka nake nufi ba..."

"To wa ya ba ka gidana har kake korar mutane? Waya ka saya, ba ƙasa ba. Ka kawo ni teku ka ce don bikin ranar haihuwata, kwana biyu ban ga fuskarka ba sai tata. Sannan ka ɗauki kabarin jikana ka ɗora a teburin karta." Ya miƙa hannu. "Makulli."

Mandlakhe ya tsaya kamar bai ji ba. Tsoho bai janye hannun ba. A ƙarshe ya ciro makullin daga cikin na motocinsa, ya ba uban.

Baba Shezi ya ce, "Makoti, karɓi. Daga yau a wurinki zai zauna. Kai kuma za ka kawo mata akuyar ban haƙuri, yadda ake yi."

Khethiwe ta karɓa. Ta ce, "Na gode, Baba. Amma akuya yanka ta za a yi a cinye a manta. A zauren dangi ya rubuta an kore ni. A can nake so ya rubuta cewa ba haka ba ne."

Tsohon ya yi dariya har yana tari. Ya ce, "Duka biyun. Fito da wayarka, muna jira. Kwale-kwale ba zai gudu ba."

Mandlakhe ya rubuta, ya goge, ya sake rubutawa. Sai da wayoyin da ke wurin suka yi ƙara ɗaya bayan ɗaya, sannan Khethiwe ta miƙe, ta kaɗe gwiwarta, ta riƙe wa tsoho hannu suka nufi matakala.

Darasi: Girmama na gaba wajibi ne, amma biyayya tana tsayawa a inda cuta ta fara. Duk wanda ya kama abin da ka fi so a duniya don ya tilasta maka yin ba daidai ba, to ka ƙi, ka ƙi cikin ladabi, kuma kada ka janye. Babba kuma ya sani, girman da ake ba shi amana ce, ba sanda ba. In ka san wani da ake matsa wa irin haka a cikin danginsa, tura masa wannan labarin yau.