Faifan da Ya Yi Gadin Shinkafa

Ku gyara zama, ku kife wayoyin nan a kan tabarma. Abin da zan ba ku ba tatsuniya ba ce, a gidan nan ya faru bara. In na gama akwai hukuncin da za ku yanke mini, don ni ya gagare ni.

Kun san Malam, maigidana. Shekara talatin da ɗaya ya yi yana akawu a ofishin ruwan noman rani nan Kura. Da ofishin suka yi gwanjon tsofaffin kayansu, ya kwaso kwamfuta guda, irin mai ƙatuwar ƙeyar nan da sai mutum biyu ke ɗagawa. A cikin kwalinta ya tsinci faifan sidi ɗaya na wasan jirgin ƙasa. Kai za ka shimfiɗa layin dogo, ka gina tasha, ka ɗauki kaya daga wannan gari ka kai wancan, duka da ɗan linzamin nan da ake turawa a kan tebur ana danna shi da yatsa. Shekara takwas Malam bai yi fashin wasan nan ba tsakanin la'asar da magariba. Na yi faɗa har na gaji, dattijo da furfurarsa yana tuƙa jirgin ƙarya. Daga baya kwamfutar ta daina karɓar faifai, aka kai ta ɗakin shirgi, ta shekara goma sha huɗu a bayan buhunan dusa. Ban yi kewarta ba ko na kwana ɗaya.

Bara ana tsakiyar damina ɓarin jikinsa na dama ya shanye. Baki ya karkace, magana ta yi nauyi. Likitar gashin ƙashi ba ta ɓoye mini ba, ta ce in hannun nan bai fara motsi cikin wata uku ba, ya sandare ke nan har abada. Ta ba shi ƙwallon roba ya riƙa matsawa. Da hagu ya ɗauke shi ya tura ƙarƙashin gado. Abinci cokali biyu, sai ya juya fuska bango. Haka muka ci mako shida, ina kallon mutum yana sakin kansa da gangan.

Wata rana bayan la'asar ina zaune gefen gadonsa, sai na ga manuniyarsa ta dama tana ɗan bugun katifa. Sau biyu, ta tsaya. Sau biyu, ta tsaya. Na san bugun nan, shekara takwas yana damuna. Na ce, “Malam, jirginka kake so?” Sai hawaye ya gangaro ta kunnensa. A ranar na aika aka kira mini 'ya'yana uku, na ce musu jirgin nan nake so ya tashi kafin wata ya mutu, kuma ban kira su neman shawara ba.

Na farko ɗan farina ne, wanda ba na kama sunansa, ku kuke ce masa Magaji. Gyaran rediyo ya koya, yanzu waya yake gyarawa a kasuwa. Da aka jawo kwamfutar tsakar gida ya dube ta, ya ce wannan ai ta 'yan gwangwan ce, a sa wa Baba wani wasan a waya a huta. Ya gwada kuwa. Malam ya rufe ido har aka ɗauke wayar. Sai na tuna wa Magaji cewa shekara goma sha huɗu ke nan yana ce wa ubansa gobe zai zo ya duba ta. Ya rufe rumfarsa, ya dawo gidan nan da jakar kayan aikinsa.

Da ya buɗe cikinta, gidan ɓera ya tarar, zanzaro kuma ya yi gini a jikin fanka. Ya share, ya hure, ya canza wani ɗan batiri mai kamar maɓallin riga, ta kawo wuta. Amma injin faifan ya ƙi buɗe baki. Ya kwance shi ƙusa-ƙusa a kan farin ƙyalle, ya ga ɗan bel ɗin roba da ke turo bakin ya narke ya zama kamar ƙaro. Ba mai sayar da irinsa yanzu. Sai ya bi tsofaffin rediyon kaset da ke jibge a bayan rumfarsa yana farke su ɗaya bayan ɗaya, a na goma sha ɗaya ya sami bel daidai. Idon da ke karanta faifan ya yi hazo, ya goge shi da auduga da sifirit yana riƙe numfashi. Faffaɗar wayar da ta haɗa injin da uwar kwamfutar kuwa ɓera ya ci rabinta, sai da ya je Kano sau biyu yana tonon shirgin 'yan gwangwan kafin ya samo wata. A rana ta tara ya danna maɓalli, bakin ya zuro kamar harshe. Ya sa wani faifan wa'azi da ya aro don gwaji, muka ji yana juyawa, 'yar fitila tana ƙyaftawa. Amma a fuskar kwamfutar babu alamar ta san akwai wani inji a jikinta. Ya zauna a ƙasa ya goge gumi.

“Inna, jiki na gyara,” ya ce. “Abin da ya rage ba aikin sukudireba ba ne.”

Ta biyu Zuwaira ce, mai koyarwa a sakandaren 'yan mata. Ita ta fahimtar da ni cewa kwamfuta da injin faifai ba yare ɗaya suke ji ba, sai da tafinta a tsakaninsu, wani ɗan rubutu da ake ce wa direba. Ta duba ta ce babu shi, an goge. Na ce wa ya goge? Ta sunkuyar da kai ta ce ita ce, tun tana ɗaliba, ta goge wasu abubuwa da ba ta san amfaninsu ba don ta sami wurin koyon buga rubutu, washegari jirgin Baba ya ƙi tashi, tsoro ya hana ta faɗa. Shekara goma sha huɗu tana ɗauke da shi. Na ce kukan ya isa, ta je ta nemo abin da ta zubar.

Ta shiga intanet tana tambaya, har ta faɗa wani zaure na tsofaffi a wata ƙasa mai nisa, waɗanda ba su da aiki sai kiwon irin waɗannan kwamfutoci. Wani dattijo a cikinsu ya sa ta karanto masa lambar da ke bayan injin, ya turo mata direbobi har huɗu, ya ce ɗaya zai yi amma bai san wanne ba. To ta ina za a shigar da su? Tsohuwar kwamfutar ba ta san intanet ba, ba ta da ramin filashi, ta faifai kuma ba hali, tunda faifan ne ma ba ta gani. Ƙofa ɗaya ta rage, wani baƙin faifai mai kusurwa huɗu da ake kira fulofi. Zuwaira ta tono kwalinsu a sito na makarantarsu, guda talatin, biyu kaɗai ke da rai. Ta roƙi arziki a wani ofis da har yanzu suke da injin da ke rubutu a kansu. Direban farko da ta sa, kwamfutar ta yi baƙi ƙirin ta ƙi tashi kwana biyu.

“Sannu da aiki, Malama,” in ji Magaji. “Kwana tara ina raya ta, kin kashe ta kafin shayi ya huce.”

Da fulofi na biyu Zuwaira ta taso ta, ta zauna da littafinta tana buga wasu layuka biyu da hannu, harafi bayan harafi, in ta kuskure ɗigo ɗaya ta koma farko. Na biyu bai yi ba, na uku bai yi ba. A na huɗu kwamfutar ta amsa cewa ta ga injin. Dattijon nan ya kuma gargaɗe ta cewa irin waɗannan wasanni ba sa tashi in babu direban sauti, don haka ta ƙara kwana biyu ta nemo shi ma ta sa.

Sai na ɗauko gidan faifan jirgin daga kan durowa na buɗe. Wayam.

Na uku Mansir ne, autana, manomin shinkafa. Duk kwanakin nan ruwa kawai yake kawo wa yayyensa, bai san komai a kwamfuta ba. Da na buɗe gidan faifan na ga ya kafa ido a ƙasa. Kun dai san abin da manomanmu ke yi in shinkafa ta fara nuna, a ja igiya a kan gona, a rataya tsofaffin faifai, iska ta kaɗa su suna walƙiya, tsuntsayen jan baki su tsorata.

“Inna,” ya ce, “ina jin yana gona.”

Mako biyu kafin nan ya bi gidan ya tattare duk faifan da ya gani, ya rataya wasu, ya raba wa maƙwabtan gona sauran. Abin da na gaya masa a ranar ba zan maimaita shi gabanku ba. Ya naɗe wando ya fita. Faifai sun fi ɗari huɗu a fadamar nan. Kwana uku yana cikin ruwa har gwiwa, matsattsaku na shan jininsa, yana juya faifai ɗaya-ɗaya yana neman mai hoton koren jirgi. Babu a gonarsa, babu a na waɗanda ya ba. A rana ta uku ya hango shi yana lilo a gonar Ilu Mai Tumatir, don wani ya ba wani, wani ya ba Ilu. Shi kuwa Ilu shekara huɗu ba sa ga maciji da Mansir, tun rikicin da suka yi kan ranar ban ruwa, kuma kowa ya shaida Mansir ke da gaskiya. Babu kowa a gonar. Da ya ga dama da ya tsinke igiyar ya sa a aljihu. Amma ya ce abin da za a nemi lafiyar Baba da shi ba zai shigo gidan nan ta hanyar sata ba. Ya tafi ƙofar gidan Ilu ya durƙusa, ya ba da haƙuri a kan laifin da bai yi ba. Ilu ya bar shi a durƙushe har ya gama cin goronsa, sannan ya tashi suka tafi tare ya kwance masa. Allah ya taimake mu ta ramin tsakiya aka ɗaure shi, ba a huda shi da ƙusa kamar sauran ba. Ya zo da shi duk laka da kashin tsuntsu da karce. Ya wanke, ya zauna da man goge baki da tsumma mai laushi yana gogewa daga tsakiya zuwa baki har ya ga fuskarsa a ciki. A kwana ukun da ya bar gonarsa, jan baki sun cinye masa gefe guda.

Ranar wata Juma'a bayan la'asar muka jawo tebur gefen gado, muka jingina Malam da matasai. Faifan ya shiga. Ya yi gurnani, ya yi shiru, har na ce shi ke nan. Sai usur ɗin jirgi ya cika ɗakin. Layukansa da tashoshinsa suna nan yadda ya bar su. Na ɗauki hannunsa na dama, mai nauyi kamar jiƙaƙƙen zane, na ɗora a kan linzamin. Mun daɗe a tsaye ba mai motsi. Can muka ji ƙas, ƙas. Muka duƙo duka mu huɗu muna leƙe. Malam ya motsa baki da ƙyar ya ce, “Ku matsa, kun tare mini haske.”

Wannan ce cikakkiyar maganarsa ta farko cikin wata biyu da rabi. A daren ranar ya cinye tuwonsa. Ba zan ce muku ya koma yadda yake ba, har yanzu yana jan ƙafa. Amma da hannun nan yake cin abinci, da shi yake alwala, da shi yake jan carbi, kuma Ilu kan zo ya zauna ya kalli jirgi. Na gode wa Allah, na gode wa 'ya'yan nan, har da dattijon can da ban san fuskarsa ba, kullum sai na yi masa fatan alheri.

Watan jiya Malam ya nemi takarda da biro. Ya rubuta da damansa, rubutun na rawa, cewa ya ba da kwamfutar da faifanta kyauta ga wanda ya fi cancanta cikin 'ya'yansa, sai dai za ta zauna wurinsa muddin yana da rai. Ya bar gurbin suna, ya miƙo mini ya ce ni zan cike. Na tambaye su ɗaya bayan ɗaya, kowa ya ce a ba ɗan'uwansa, amma ni na haife su, na ga idon kowannensu a kanta. Ba ta rabuwa uku. Magaji ya yi sakaci shekara goma sha huɗu, amma ba don shi ba da injin bai juya ba. Zuwaira ce ta goge tafintan, ita ce kuma ta nemo shi daga wata uwa duniya. Mansir ne ya kai faifan gona, ya kuma sayo shi da shinkafarsa da girman kansa.

Takardar na nan a ƙarƙashin matashina, biron ma yana nan. To, sunan wa zan rubuta?