Manjon da Ya Kulle Rahoton Ruwa

An yi wani mutum, manjo ne a barikin soja, shi ke kula da gine-gine da magudanun ruwa. Ba ɓarawo ba ne, ba mashayi ba. Cutarsa ɗaya ce, mugun zato. In ya ga sojoji biyu suna dariya, da shi suke. In an gaishe shi da fara'a, wani abu ake nema. Kalmar bakinsa kullum, "Na gane ku." Har ƙananan sojoji suka laƙaba masa Na-Gane.

Ya 'yan uwa, ruwan sama ya canza hali, kowa ya shaida. Abin da a da ake yi a wata guda, yanzu a yini ɗaya yake sauka. Saboda haka kwamanda ya sa wani kyaftin, injiniya, ya zagaya barikin. Sati uku yana aune-aune. Ya rubuta cewa kwalbatin bayan gidajen iyali ya yi ƙanƙanta, a faɗaɗa shi kafin damina, a ɗaga janaretan asibiti daga ƙasa, a tanadi buhunan yashi. Ya kai wa manjo don ya sa hannu.

Manjo ya karanta, ya dube shi sama da ƙasa. "Wato shekara tara ina nan ban san aikina ba? Wa ya turo ka?"

"Ranka ya daɗe, ruwa nake tsoro, ba kujerarka nake so ba."

"Ai ban ce kujera ba. Kai ka faɗa."

Ya jefa rahoton a aljihun tebur, ya murza makulli. Da kwamanda ya tambaya, ya ce ana kan dubawa.

A gida matarsa ta ce, "Maigida, bara fa ruwa har bakin ƙofar matan gidajen gangare ya kai." Ya ajiye cokali. "Matar kyaftin ce ta aiko ki?" Daga ranar ya hana ta shiga gidan kyaftin.

Wata Talata da hantsi, kwamanda ya yi tafiya, hadari ya haɗu baƙi ƙirin. Kyaftin ya buga waya yana roƙon izini a kwashe iyalai zuwa babban ɗakin taro da ke kan tudu. Me manjo ya ji? Ya ji tarko. Ya ce so ake a tara mata da yara a ɗauki hoto, a nuna ya gaza. Ya ce kada wanda ya motsa.

Kafin La'asar kwalbatin ya toshe. Ruwa ya shiga gidaje ashirin har ƙirji. Janaretan asibiti ya mutu. Sojoji suka yi ta fito da yara a kafaɗa, amma mahaifiyar wani saje, tsohuwa mai ciwon ƙafa, ba a kai gare ta da rai ba.

Aka kafa kwamitin bincike, aka fasa aljihun tebur. Ga rahoto, ko sa hannu babu. Aka cire wa manjo anini a gaban sojojin da yake zargi, aka sallame shi.

Kuna tsammani ya tuba? Sajen nan da kansa ya je har gida ya ce ya yafe masa. Ta taga manjo ya amsa, ya ce an turo shi ne da na'urar ɗaukar murya. Matar manjo ta gaji ta koma wajen yayanta. Abokai suka ɗauke ƙafa, don wa zai je inda gaisuwa take zama laifi? Yana nan shi kaɗai, yana leƙen titi ta bayan labule.

Ya 'yan uwa, wanda aka ba amanar rayuka, in an gargaɗe shi, ya auna maganar kafin ya auna mai maganar. Zato ya kashe tsohuwar nan kafin ruwa ya taɓa ta.

Allah ya wanke zukatanmu daga mugun zato, ya ba mu kunnen jin nasiha. Allah ya kiyaye mu, amin.