Gaisuwar Jatau Maƙeri

An yi wani hakimi da karatu ya juya wa kai, har ya ce hankali bai yarda akwai Allah ba. Ya kira Jatau maƙeri, ya ce, "Kai mai yawan salla, kawo shaida yanzu, ko in rushe maƙerarka."

Jatau ya ga abincinsa zai zube. Ya durƙusa, ya ce, "Babu ya ja zamaninka, Babu ya ba ka nasara."

"Wace irin gaisuwa ce wannan?"

"Ta masu hankali ce, ranka ya daɗe, in akwai mai tsawaita shi."

Hakimi ya zabura. "Wallahi tallahi sai na ɗaure ka!"

Jatau ya ce, "To, ga shaidar. Ni ko sau ɗaya ban kira Shi ba, kai ka kira Shi sau biyu."