Sufeton da Ya Ce a Ƙara Haƙuri

Akwai wani mutum da ’yan gidansu ke kira Auta, a ofis kuma ana ce masa Sufeto. Ya yi karatu mai zurfi kan yadda gwamnati da kamfanoni ke raba nauyin kula da muhalli, har ya samu aiki a hukumar da ke duba masana’antu. Yayarsa ce ta riƙe shi tun rasuwar mahaifiyarsu, da keken ɗinki ta yi masa ɗawainiyar makaranta.

Gidan Yayar yana bayan wani kamfani mai fasa tsofaffin baturan mota yana narka dalmar ciki. Mijinta ma can yake aiki. Kullum da safe sai ta goge wata baƙar toka daga taga da igiyar shanya, kwatar kamfanin kuwa ta ƙofar gidanta take bi.

Ran nan ta zo ofishinsa riƙe da hannun ’yarta Ummi, wadda ta ci sunan mahaifiyarsu.

Ta ce, “Auta, dubi yarinyar nan. Ba ta cin abinci, kullum ciwon ciki, ga mantuwa. Kuma ba ita kaɗai ba ce a layinmu.”

Ya ja kumatun Ummi ya ce, “Tsohuwa, ke ce ke tayar mana da hankali?”

Yarinyar da bakinta ba ya shiru, ranar ko ɗaga ido ba ta yi ba.

Ya gyara zama ya ce, “Yaya, aikin gwamnati ba a yin sa da ka. Akwai matakai. Ki ƙara haƙuri.”

Ya dai je kamfanin. Manaja ya tarbe shi da fara’a, ya zaunar da shi a ofis mai sanyi, sannan ya kai shi ya nuna masa injin tace hayaƙi, sabo fil, ko ledarsa ba a cire ba.

Manaja ya ce, “Ranka ya daɗe, mai haɗa shi muke jira. In ka rufe mu yau, gida nawa ne ba za a ɗora tukunya ba? Har da na mijin yayarka.”

Da Auta ya koma wurin Daraktan hukumarsu, shi ma ya ce, “Kamfanin yana da lasisi. Ciwon yara na ma’aikatar lafiya ne, kwata ta hukumar gari ce. Kai ina ruwanka?”

Auta ya san da ruwansa. Doka ta ba shi ikon garƙame ƙofar kamfanin da hannunsa. Ya kuma san abin da dalma ke yi wa ƙwaƙwalwar yaro, don a kansa ya ci jarrabawa. Amma ƙarin girma ya matso, Darakta kuwa ba ya son mai tone-tone. Sai ya ba kamfanin wa’adi. Wa’adin ya cika, ya ƙara musu wani.

Yaya ta yi ta kira. Da farko yakan ce, “Ku riƙa rufe taga.” Daga baya in ya ga sunanta sai ya kife wayar.

Wata rana da hantsi Ummi ta faɗi a tsakar gida tana jijjiga, kumfa na fita a bakinta. Kafin Auta ya isa asibiti an sa mata ruwa, idanunta a buɗe amma ba ta gane kowa.

Likita ya ce dalma ce ta cika mata jini. Za ta rayu, amma abin da ya taɓu a ƙwaƙwalwa ba ya dawowa. Cikin ɓacin rai ya ce, “Wai shin babu mai duba kamfanin nan ne?”

Auta ya sunkuyar da kai. Yaya ta dube shi, ta dubi likita, ba ta tona masa asiri ba.

Washegari ya je ya sa wa ƙofar kamfanin kwaɗo. Ba wanda ya tare shi, har shi Darakta. Masu kamfanin suka kwashe injinansu suka yi gaba, suka bar wa unguwa gubar a cikin ƙasa. Mijin Yaya ya rasa aiki, ga dalma ta sa hannunsa ya soma rawa.

Auta ya je gidan. Ya tarar da Yaya zaune a tabarma tana ba Ummi abinci a baki, tana goge mata yawu da gefen zane. Ya durƙusa daga bakin ƙofa.

Ya ce, “Yaya, na rufe shi.”

Ta ɗebo wani cokalin, ta hura, ta kai bakin yarinyar. Ba ta ɗago ba.

Ta ce, “Ashe yana rufuwa.”

Darasi: Duk wanda aka damƙa wa amanar lafiyar jama’a, a ofishin gwamnati yake ko a kamfani, ya sani jinkirinsa ma yana halaka rai. Kada ka tura wa wani aikin da ke hannunka, kada ka ce wa mai cutuwa ya yi haƙuri alhali kana da ikon cire masa cutar. Ku tura wa ’yan uwa, ko Allah zai sa ya kai ga mai riƙe da irin wannan amana tun da sauran lokaci.