Ɗanyen Katakon Saja

An yi wani mutum, ya 'yan'uwa, da Allah ya yi wa ni'ima hawa-hawa. Da ƙuruciya soja ne. Ya je fagen daga, abokansa suka faɗi dama da hagu, shi ya dawo gida ko ƙwarzane babu. Da ya ajiye kaki sai ya koma karatu, ya zama lauya. Daga nan ya buɗe wurin yankan katako, injuna suna kuka tun safe. Mutanen unguwa suka zaɓe shi kansila. Duk da haka Saja suke ce masa, shi ma yana son sunan.

Saja ya san itace kamar yunwar cikinsa. Ya san ba a rufi da ɗanyen katako. Sai an jera shi a inuwa, iska ta ratsa shi, ya bushe a hankali. In aka yi gaggawa, a saman gini zai bushe, ya murɗe, ya tofar da ƙusa.

Sai aikin rufin makarantar unguwa ya taso, shi zai kawo katako, ga zaɓe ya ƙarato. Saja yana son kwano ya yi ƙyalli kafin ranar ƙuri'a, busasshen katako kuwa ya ƙare. Ya sa aka yanko ɗanye, aka shafe shi da baƙin man da ake shafawa don gara, ya rufe komai. A takardar kwangila kuma, da yake lauya ne, ya tsara magana yadda in an sami matsala kafintan da ya yi rufin za a kama. Ilimin da Allah ya ba shi don kare mai rauni, da shi ya haƙa wa mai rauni rami.

Amma zuciya ba ta karɓar cin hanci. Duk sanda ya bi ta makarantar sai ya leƙa aji, ya ɗaga kai. Ya ga katako ya fara lanƙwashewa, kawunan ƙusa sun fito, yara a ƙasa suna ta karatu.

Matarsa ta ce, "Maigida, tun da aka yi rufin makarantar nan ba ka cin abincin kirki. Lafiya?"

Ya ce, "Gajiyar kamfe ce."

A ransa kuwa cewa yake, bari a gama zaɓe in sauke rufin. Ya 'yan'uwa, wa ya yi masa alkawarin gobe? Da wa ya ƙulla cewa katakon zai jira?

Wata rana da hantsi, ba iska ba ruwa, rufin ya rufto.

Saja ya zo a guje, ba hula ba takalmi. Ya faɗa cikin tarkace yana ɗaga kwano da hannu, jini na zuba. Ba abin da yake cirowa sai jakunkuna da fasassun bencina. Malamar ajin ta yi ta kiransa kafin ya ji.

"Saja, bar tonon nan! Hutun cin abinci ne, duk suna waje. Ba a rasa kowa ba."

Nan ya kife goshinsa a ƙasa yana kuka, yana godiya. Da ya ɗago, ya ga jama'a sun shaƙe kafinta da rigarsa. Takardar kwangila tana goyon bayan Saja. Da ya yi shiru, da ya tsira. Ya miƙe ya ce, "Ku sake shi. Katakona ne, kuma na san ɗanye ne."

Kujerar kansila ta tafi. Aka hana shi aikin lauya, aka rufe injunansa, gidansa ma aka sayar. Masu zuwa gaisuwa da safe suka ɗauke ƙafa. Yanzu ɗakin haya yake. In wani ya zo yi masa jaje, sai ya ce, "Barka za ka yi mini. Allah ya karɓe abin da ya ara mini, bai rataya mini ran ɗan kowa a wuya ba."

Ya 'yan'uwa, ha'inci ya rushe shi, rahama kuma ta tare shi a bakin rami. Ba kowa ake yi wa wannan sauƙi ba. Wanda ya san akwai ɓarnar da ya shafe da baƙin mai, ya gyara yau, tun rufin bai faɗo a kan mutane ba.

Allah ya kiyaye mu daga cin amana, ya farkar da mu tun da sauran numfashi, ya sa mu cikin bayinsa masu godiya. Amin.